Dusar Ƙanƙara Na Raguwa, Manyan Kamfanonin Wasan Zamiya Na Ƙara Cin Riba: Ina Asarar Ke Sauka?

Idan Disamba ta kama, hazo ya lulluɓe Katsina har ba a hango hasumiyar Gobarau daga nesa, a daidai lokacin ne wata kasuwa ke buɗewa a tsaunukan Turai da Amurka da Japan, kasuwar da jarinta daga sama yake saukowa. Ita ce kasuwar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yaranmu da ke karatu a waje sukan turo hotunanta, wasu daga cikin 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai kuma sun leƙa Ski Dubai, wurin zamiyar da aka buɗe a cikin katafaren kanti a 2005. Mai bin labarai kuwa yakan ci karo da abu biyu masu kama da saɓani. Yau a ce dusa na ƙarewa saboda ɗumamar yanayi, a nuno tsaunuka tsirara a tsakiyar Janairu. Gobe a ce Amurka ta samu yawan masu wasan da ba ta taɓa samu ba a tarihi. Duka labaran gaskiya ne. Abin da ya haɗa su shi ne asarar da ƙarancin dusa ke jawowa ba a kan kowa take sauka daidai wa daida ba, akwai waɗanda suka iya ture ta zuwa kan wasu.

Sai mun fara da sanin yadda wurin yake. Dandalin zamiya tsauni ne da aka share wa hanyoyi daga ƙololuwa zuwa gindi, aka kafa motocin igiya masu ɗaukar mutane su kai su sama, su kuma su sulalo ƙasa a kan katakai biyu da aka ɗaure musu a ƙafa. A gindin tsaunin akwai otal-otal, gidajen abinci, shagunan hayar kayan wasa, da makarantar koyar da sababbin shiga. A manyan kamfanoni kuɗin tikitin hawa igiya shi ne kusan rabin abin da ke shigowa, ragowar daga waɗannan sauran harkoki yake fitowa. Matsalar ita ce yawancin ɗawainiyar ba ta san yawan baƙi ba. Ko mutum goma ne suka zo ko dubu goma, sai an kunna injin igiya, sai an biya masu gadin hanya da masu ceto, sai motocin daidaita dusa sun kwana suna aiki, sai an biya bashin banki da inshora. Ga shi kuma kakar gajeriya ce, daga ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba zuwa Afrilu a arewacin duniya, daga Yuni zuwa Satumba a kudancinta, kamar Ostireliya da Cile da Lesoto.

Masana harkar a Turai suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi. Sun ce dandali ba zai riƙe kansa ba sai yana samun dusa mai kaurin santimita 30 na tsawon kwana 100 a kaka, kuma hakan ya tabbata a shekara 7 cikin 10. Ke nan a cikin wata uku da 'yan kwanaki ake son a fitar da kuɗin da zai ciyar da gari na shekara guda.

Ranar da dusa ta sauka ta fi yawanta muhimmanci

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Sai a ɗauka cewa idan an auna dusar shekara aka ga ta yi yawa, to kasuwa ta yi kyau. Kwanaki ɗarin nan ba darajarsu ɗaya ba. Makonni biyu na hutun Kirsimeti da sabuwar shekara su ne ƙashin bayan kakar, domin lokacin ne iyalai ke da hutu, ɗakunan otal ke kai ƙarshen tsada. Sai hutun makarantu na Fabrairu. Faransa har raba ƙasar ta yi shiyya uku, kowace shiyya da makonnin hutunta, wanda hakan ke sa tsaunuka su ci kusan wata guda a cike maimakon kowa ya kwararo lokaci ɗaya. A Amurka akwai dogayen hutun ƙarshen mako a tsakiyar Janairu da mako na uku na Fabrairu. A Japan da Sin, sabuwar shekarar Sinawa ce ke kawo cunkoso. Ista kuwa ba ta da tsayayyar rana, idan ta faɗo a Maris ta samu dusa, idan ta ja zuwa ƙarshen Afrilu ta tarar da taɓo.

Saboda haka dusa mai mita guda da ta sauka ranar 10 ga Disamba tana iya ceton shekara, irinta da ta sauka ranar 25 ga Maris kuwa kusan ba ta da mai saye, don hankalin mutane ya riga ya koma kan keke da ƙwallo da bakin teku. Akwai ma wani abu da masu bincike a Amurka suka lura da shi: mutumin birni yakan yanke shawarar tafiya tsauni ne bisa abin da ya gani a ƙofar gidansa. Idan dusa ta zuba a birni sai ya tuna da wasan, idan birni a bushe yake sai ya ɗauka tsauni ma haka yake, ko da can a cike yake.

Alƙaluman ƙungiyar masu dandalin zamiya ta Amurka sun nuna girman wannan hawa da sauka. A kakar 2010/11 an samu ziyara kimanin miliyan 60.5, inda kowane yini da mutum ɗaya ya yi yana wasa a dandali ake ƙirga shi ziyara ɗaya. Kakar da ta biyo baya dusa ta yi ƙaranci, adadin ya faɗo zuwa kimanin miliyan 51. A 2022/23 kuma yammacin ƙasar ya ga dusar da ba a saba gani ba: dandalin Alta a jihar Yuta ya auna inci 903, kusan mita 23, Mammoth a Kalifoniya bai rufe ba sai farkon Agusta. Ziyara ta haura miliyan 65, mafi yawa a tarihin ƙasar. Shekara ɗaya bayan nan ta sake komawa kusan miliyan 60. A wannan kakar ta 2022/23 da Amurka ke murna, Turai kuka take yi. Ranar 1 ga Janairun 2023 zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na Siwizalan, dandaloli da dama na ƙasa-ƙasa, wato waɗanda ba su da tsayi sosai, suka rufe a tsakiyar hutu, gasar zamiya ta duniya da ake yi a garin Adelboden na ƙasar kuma a kan siririyar hanyar dusar inji, wato wadda na'ura ke haɗawa, aka yi ta, gefe da gefe duk ciyawa.

Wani ɓangare na wannan sauyi tsoho ne, ba sabon abu ba. Ɗumi da sanyin ruwan tekun Fasifik, abin da ake kira El Nino da La Nina, shi ke karkatar da guguwar hunturu zuwa kudu ko arewa a nahiyar Amurka. Tsibirin Hokkaido na Japan yana samun dusarsa mai laushi ne idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga Saiberiya ta ratsa teku ta kwaso danshi. Shekara mai kyau da mara kyau sun daɗe suna musanya. Sabon abin shi ne duk wannan hawa da sauka yanzu a kan gangara yake faruwa.

Tsayin tsauni ne ke raba gardama

Tsaunukan Alfs, waɗanda suka ratsa Faransa, Siwizalan, Italiya, Ostiriya da Jamus, su ne babbar kasuwar wannan wasa a duniya, kuma sun ɗumama da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, fiye da matsakaicin abin da duniya ta ɗumama. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya karanta tarihin yanayi daga zoben da ke ƙaruwa duk shekara a cikin kututturen wasu tsofaffin itatuwan tsauni, ya gano cewa kwanakin da dusa ke kwance a Alfs sun ragu da 36 idan aka kwatanta da abin da aka saba, kuma ba a ga irin haka ba cikin shekara 600 da suka wuce. Kwana 36 a kasuwar da ke neman kwana 100 ba ƙaramin giɓi ba ne.

Sai dai ragin ba ko'ina yake daidai ba. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi. Idan duniya ta ƙara ɗumi da digiri 1, iyakar da ruwan sama ke rikiɗewa ya zama dusa tana matsawa sama da kimanin mita 150. Dandalin da ke mita 1,200, wanda dama a bakin iyakar yake, sai ya wayi gari ruwa ne ke sauka a kansa a Janairu, ruwan kuma ya wanke 'yar dusar da ke ƙasa. Wanda ke mita 2,300 kamar Val Thorens na Faransa har yanzu yana da sauran rata. Hasali ma iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri, don haka wurare masu tsayi da sanyi suna iya samun zubar dusa mai nauyi fiye da da. Wannan ne ya sa shekarar inci 903 ba ta ƙaryata ɗumamar yanayi ba.

Tun a 2007 ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta ƙirga dandaloli 666 a Alfs, ta ce 609 ne ke da tabbacin dusar Allah a lokacin. Ta yi hasashen cewa ƙarin digiri 1 zai mayar da su 500, digiri 2 ya bar 404, digiri 4 ya bar 202. Wani bincike na 2023 da ya duba dandaloli 2,234 a ƙasashen Turai 28 ya ce idan ɗumin duniya ya kai digiri 2, kashi 53 cikin 100 za su shiga babban haɗarin rashin dusa idan babu inji, a digiri 4 kuwa kashi 98. Idan an shimfiɗa injinan dusa a rabin hanyoyinsu, adadin ya sauko zuwa kashi 27 da kashi 71.

Dusar inji da kuɗinta

Na taɓa yi wa wani kawuna, manomi a ƙauyukan Daura, bayanin waɗannan injina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ai noman rani suke yi. Wanda ke kusa da dam kuma yake da kuɗin mai shi ke noma, wanda ba shi da su ya zauna jiran damina." Na ce, "Haka ne, Kawu." Duk wanda ya ga bambancin mai gona a bakin Sabke ko Jibiya ko Zobe da mai gonar tudu a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ya riga ya fahimci rabin wannan kasuwa.

An ƙirƙiro injin dusa a Amurka a farkon shekarun 1950. Aikinsa shi ne ya fesa ruwa da iska mai ƙarfi, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. A gasar Olamfik ta hunturu an fara amfani da shi a Lake Placid ta Amurka a 1980, a Bejin kuwa a 2022 kusan duk dusar da aka yi wasa a kanta ta inji ce. Yau kimanin kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya a Italiya suna da waɗannan injina, Ostiriya kimanin 70, Siwizalan wajen rabi, Faransa kimanin 40. Babban amfaninsu ba tsawaita kaka ba ne, tabbatar da buɗewa kafin Kirsimeti ne. Idan aka samu 'yan kwanaki masu sanyi a Nuwamba sai a kunna su dare da rana a shimfiɗa harsashi, kuma dusar inji ta fi ta sama tauri, ta fi jure rana da ruwa. Wasu wurare, kamar Davos a Siwizalan da Ruka da Levi a Finlan, har tara dusar bana suke yi tsibi guda, su rufe ta da garin katako ko manyan barguna ta ƙetare bazara, su baje ta a Oktoba.

Amma injin ba ya ƙirƙirar sanyi. Sai yanayi ya sauka wajen digiri 2 ƙasa da sifili, iska kuma ba ta da danshi da yawa, sannan yake aiki yadda ya kamata. Dandalin da ya fi buƙatarsa, wato na ƙasa-ƙasa, shi ne ya fi rasa irin waɗannan darare. Ga ruwa: mita kubik ɗaya na ruwa yana ba da dusa mita kubik biyu zuwa biyu da rabi, ke nan rufe hekta guda da kaurin santimita 30 yana cin lita miliyan ɗaya da ɗoriya, shimfiɗar farko kawai. Shi ya sa ake haƙa tafkuna a saman tsaunuka, shi ya sa kuma rigima ke tashi. A La Clusaz na Faransa masu kare muhalli sun yi zaman dirshan a dajin da za a haƙa wani tafki, kotu ta dakatar da aikin a 2022. Ga kuma wutar lantarki, wadda farashinta ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, ya tilasta wa wasu dandaloli rage gudun motocin igiya da taƙaita lokacin aiki. Ni dai ina ganin idan gari ya kai matsayin da ake gardama tsakanin ruwan sha, ruwan dabbobi da ruwan wasa, bai kamata mai sayar da tikiti ya zama shi ke yanke hukunci ba.

Tikitin da ake saye tun ba a ga sama ba

Dabarar da ta fi sauya kasuwar ba a kan tsauni aka ƙirƙiro ta ba, a ofis ne. A 2008 kamfanin Vail Resorts na Amurka ya fito da Epic Pass, tikitin kakar wasa gaba ɗaya a kan dala 579, ƙasa ƙwarai da yadda ake sayar da irinsa a da. Sharaɗin shi ne a saya tun bazara ko kaka, kafin kowa ya san yadda hunturu zai kasance, kuma rashin dusa ba ya sa a mayar wa mutum kuɗinsa. A gefe guda kamfanin ya riƙa ɗaga tikitin yini har ya kai kusan dala 300 a ranakun cunkoso a kakar 2023/24, ta yadda duk mai lissafi zai ga gara ya sayi na kaka, wanda shi ma ya haura dala 1,000 a 2025. Abokin hamayyarsa, Alterra, ya fito da Ikon Pass a 2018. Yanzu mutum sama da miliyan 2 ke riƙe da tikitin Vail, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na masu hawa tsaunukansa sun biya tun kafin kakar ta fara.

Sakamakon a bayyane yake. A kakar 2023/24 dusa ta yi ƙaranci a yawancin dandalolin kamfanin, ziyara ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, amma kuɗin tikitin da ya shiga bai ragu ba, ɗan ƙaruwa ma ya yi. Asarar ba ta ɓace ba. Ta koma kan wanda ya biya kuɗin kaka guda ya samu 'yan kwanaki, ta koma kan mai gidan abinci da mai hayar takalma da direban tasi a gindin tsauni, waɗanda sai baƙo ya zo suke ganin kwabo, ta koma kan ma'aikacin wucin gadi da ake biya da awa, wanda idan ba a buɗe hanya ba babu aiki.

Kamfanin ya kuma baza ƙafafunsa. Ya sayi Perisher a Ostireliya a 2015, Whistler Blackcomb a Kanada a 2016, ya shiga Siwizalan ta Andermatt a 2022 da Crans-Montana a 2024. Da wuya hunturu ya lalace a duk waɗannan wurare lokaci ɗaya, na Ostireliya ma kakarsa daban ce. Ba na zargin wanda ya yi tanadi, hikima ce ta kasuwanci. Abin da ke damuna shi ne idan aka karanta ribar irin waɗannan kamfanoni aka ce ashe lafiya lau, an karanta abin da bai auna dusa ba, ya auna ƙarfin aljihu ne kawai. Kuma masu wasan da ƙananan dandaloli suka rasa ba duka ne ke daina wasa ba, da yawa sama suke haurawa zuwa manya, sai cunkoson can ya ɓoye mutuwar na ƙasa.

Na ƙasan kuwa suna mutuwa. La Sambuy, ƙaramin dandali kusa da Annecy a Faransa, ya rufe har abada a 2023 bayan kusan shekara 60 yana aiki, domin kakarsa ta koma 'yan makonni, hukumar garin kuma tana cike giɓin kusan yuro 500,000 duk shekara. Chacaltaya a Boliviya, wanda ya haura mita 5,000 kuma aka taɓa kiransa dandali mafi tsayi a duniya, ƙanƙararsa ta narke ƙarƙaf a 2009. A nahiyarmu, Oukaïmeden da ke tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh ya sha fama da shekarun fari a jere, masu hayar kaya da masu alfadarai suna zaman jiran baƙin da ba su zo ba. Afriski na Lesoto, duk da tsayinsa ya kai wajen mita 3,000, da inji yake rayuwa. Irin waɗannan ƙananan wurare su ne masu araha, a nan yaran makaranta da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ke koyon wasan. Idan suka ƙare, manyan ma nan gaba za su rasa inda sababbin masu sayen tikiti za su fito.

A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto mai zafi, ta ce tsarin tattalin arzikin dandalolin ƙasar ya fara gajiya, kuma dogaro da dusar inji maganin ɗan lokaci ne. Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a koma kasuwar shekara zagaye: keken tsauni, yawon ƙafa, taruka, bukukuwa. Ana yi, sai dai mai yawon ƙafa yakan zo da abincinsa a jaka, ba ya hayar kaya, sau da yawa ko igiyar ba ya hawa, abin da yake kashewa bai kai na mai zamiya ba. Garin da aka gina otal-otal ɗinsa bisa lissafin Fabrairu ba zai cika su da cinikin Agusta cikin sauƙi ba.

Wurin da na fi sa wa ido shi ne Métabief, a tsaunukan Jura na Faransa kusa da iyakar Siwizalan. Mahukuntansa sun sa an yi musu nazarin yanayi, suka karɓi sakamakon, suka faɗa wa jama'arsu a fili cewa wasan zamiya a wurin zai iya ƙarewa tsakanin 2030 da 2035. Maimakon su ci bashin sababbin motocin igiya da ba za su kai lokacin biyan kansu ba, sai suka zaɓi gyara tsofaffin su lallaɓa da su, kuɗin da ya rage kuma su zuba a harkokin da ba sa jiran dusa. Masu otal da masu shaguna da dama ba su ji daɗi ba, musamman da aka rufe wani sashe na dandalin a 2024, amma an ba su shekaru na shiri, abin da ƙananan garuruwa da yawa ba su samu ba kafin igiyarsu ta tsaya.